Hajiya Gambo Sawaba (1933-2001): Rayuwarta a Fagen Siyasa da Taimakon Jama'a

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan aka ce wane tsohon ɗan siyasa ne mai taimakon jama'a, abin da yakan faɗo wa mai sauraro a rai shi ne mutumin da ya riƙe muƙami, ya tara abin hannu, sa'an nan da girma ya kama shi ya koma rabon hatsi da azumi da gina masallatai. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ba ta wannan hanya ta biyo ba. Ba ta zama minista ba, ba ta zauna kujerar majalisa ba, hasali ma a shekarun da ta fi shan wuya saboda siyasa, doka ba ta ba ta ikon jefa ƙuri'a ko da guda ɗaya ba, don kuwa mace ce, kuma 'yar Jihar Arewa. Duk da haka sunanta na cikin sunayen da ba a tsallakewa in ana lissafa waɗanda suka yi wa talakan Arewa gwagwarmaya. Wanda ya bi tarihinta a tsanake zai tarar siyasarta da taimakonta tushensu guda ne, wato ƙin ganin an wulakanta marar ƙarfi. Wannan hali shi ya kai ta kurkuku tana budurwar shekaru, shi ne kuma ya cika mata gida da marayu da ta manyanta.

Asalinta da Ƙuruciyarta

An haife ta ranar 15 ga watan Fabrairu, 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake tagwaye ta biyo, sai aka riƙa kiran ta Gambo, kamar yadda al'adar Hausawa ta tanada ga duk wanda aka haifa bayan 'yan biyu. Mahaifinta mutumin ƙasar da yau ake kira Gana ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Nijeriya har ya zauna a Zariya. Mahaifiyarta kuwa Banufiya ce daga ƙasar Bidda. Ke nan ta fito daga gidan da ya haɗa jini biyu, ta kuma tashi da harshen Hausa da ɗabi'un mutanen Zazzau.

Zariyar da ta buɗe ido a cikinta gari ne mai sassa uku. Akwai Birni, inda fadar Sarki da manyan malamai suke. Akwai Tudun Wada, mazaunin Musulmi baƙi da ma'aikata. Akwai kuma Sabon Gari, wanda ya kafu a gefen tashar jirgin ƙasa, ya tara Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawa 'yan ci-rani da mutanen wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. A irin wannan wuri labarin abin da ke faruwa a Ikko da sauran biranen Kudu yakan riga isa Birni isowa, domin jirgi ke kawo mutane da jaridu kullum. Wannan cuɗanya ta yi tasiri ƙwarai a kan yarinyar, don ta saba da ganin mutane iri-iri tun ba ta san bambancin ƙabila ba.

An sa ta makarantar En'e ta Tudun Wada, amma karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943 tana da shekara goma, mahaifiyarta ta bi shi bayan shekara uku. Tana da shekara goma sha uku aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. Auren bai ɗore ba. Mijin ya tafi ya bar ta da juna biyu, ta haifi 'yarta a 1949. Wato kafin ta cika shekara goma sha bakwai ta ɗanɗani maraici, da yankewar karatu, da auren ƙuruciya, da zaman mace mai goyo ba mai ɗaukar nauyinta. Abubuwan nan huɗu su ne daga baya suka zama jigon maganarta a dandalin lacca. Tun tana ƙarama kuma an san ta da shigar wa wanda aka fi ƙarfi faɗa, da jan masu taɓin hankali a jiki tana ba su abinci da sutura, a lokacin da sauran yara ke binsu da jifa.

Arewa a Lokacin da Ta Shiga Siyasa

Ba za a gane nauyin abin da ta yi ba sai an dubi yadda mulki yake a wancan zamani. Turawan Ingila suna mulkin Arewa ne ta hannun sarakuna, a ƙarƙashin tsarin En'e. En'e ke da 'yan doka, ita ke da kotunan alƙalai, ita ke da gidan yari, ita ke tattara haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Talakan da ya saɓa da hakimi, ko a cikin birnin Zariya yake ko a gundumomin Kano na kudu irin su Birnin Kudu da Gwaram, hukumar da ya yi ƙara ita ce za ta kama shi, ita za ta yi masa shari'a, ita kuma za ta tsare shi.

Domin a sauya wannan hali ne wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Daga cikinsu akwai Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da mawaƙin nan Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Kalmar da jam'iyyar ta ɗauka ta zama take ita ce sawaba, wadda a Hausa take nufin sauƙi da samun sarari bayan ƙunci. Kalmar ta yi farin jini har ta tsallaka iyaka, domin a Nijar ma jam'iyyar Jibo Bakari da sunan Sawaba aka san ta. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ta kuma dogara da sarakuna da ma'aikatan En'e. Saboda haka shiga NEPU a idon masu mulki tamkar fito-na-fito ne da sarauta. Namiji ma yakan yi tunani sau biyu kafin ya yanki katin jam'iyyar, balle mace.

Ga mace kuwa akwai wani shinge na daban. Matan aure na birane galibi a kulle suke, kuma duk macen da aka gani a filin lacca nan da nan akan laƙaba mata sunan banza, a ce ba 'yar mutunci ba ce. Wannan tsoro na zubewar mutunci ya fi tsoron ɗan doka hana mata fitowa.

Shigarta NEPU

Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga reshen NEPU na Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, lokacin da 'yan jam'iyyar ke yin taronsu a ɓoye. Ba da daɗewa ba aka zaɓe ta shugabar mata ta reshen Sabon Gari, daga baya kuma ta zama shugabar matan jam'iyyar baki ɗaya. Abin da ya fito da sunanta shi ne ƙarfin halin hawa dandali ta yi magana a gaban taron maza, a wurin da maza da yawa suke noƙewa. Daga nan ne taken jam'iyya ya manne wa sunanta, Hajaratu ta ɓace, aka koma Gambo Sawaba.

A farkon tafiyar ta je Abekuta ta gana da Uwargida Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan garin suka yi bore a kan harajin da aka ɗora musu, har Sarkin Abekuta, Alake Ademola, ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a 1949. A wurinta Gambo ta ga da idonta cewa mata in sun haɗa kai suna iya girgiza hukuma. Sai dai da ta komo gida ba ta kwaikwayi tsarin Abekuta kai tsaye ba, domin matan Abekuta a kasuwa suke, tara su ba wuya, matan Kano da Zariya kuwa suna bayan zaure. Dabarar da ta yi ita ce bin su gida-gida. Inda namiji ɗan jam'iyya ba shi da ikon wuce zaure, ita takan yi sallama ta shige har tsakar gida, ta zauna da matan ta yi musu bayanin haraji, da aikin tilas, da amfanin sa 'ya'ya mata makaranta, da illar aurar da yarinya ga wanda ba ta so. Wannan hanya ta kai ilimi ga mata har ɗakunansu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, don tun ƙarni na goma sha tara Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta tsara jajis da 'yan taru suna kai wa matan karkara karatun addini. Bambancin shi ne saƙon Gambo na siyasa ne, kuma hukumar zamaninta ba ta yi maraba da shi ba.

Ɗauri da Azaba

A Kano aka fara ɗaure ta, a 1952, bisa tuhumar tana zuga matan kulle su fito, aka yanke mata wata uku. A shekarar da ta biyo aka sake kama ta tare da mata wajen ɗari biyu saboda sun yi taro ba da izini ba. Daga ƙarshe hukumar En'e ta Kano ta kore ta daga garin, aka mai da ita Zariya. Wannan bai sa ta saduda ba, sai ma ta faɗaɗa yawon lacca zuwa wasu garuruwan Arewa. Jimlar shigarta kurkuku ta kai sau goma sha shida.

Ɗauri ma shi ne mai sauƙi a cikin abin da ta gani. An yi mata bulala a bainar jama'a. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. An karya mata haƙoran gaba. Akwai lokacin da wasu ƙarti suka tare ta suka yi mata dukan kawo wuƙa, suka jefar da ita a daji suna zaton ta cika, kuma raunin da ta samu a jiki ya bi ta har ƙarshen rayuwarta. Zamani ne da siyasa ta haɗu da sanda da gora: ɓangaren masu mulki na da 'yan bangar da aka yi wa laƙabi da 'yan mahaukata, NEPU kuma ta kafa Rundunar Samarin Sawaba. Irin hukuncin da aka zaɓa a yi mata yana da ma'ana. Askin kai da dukan fili ga mace, a al'adar Hausa, tozartawa ce, kuma manufarsa ita ce a nuna wa sauran mata abin da zai sami duk wadda ta bi sahunta. Amma Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Duk fitowar da ta yi daga gidan yari, dandalin lacca ta sake nufa.

Neman 'Yancin Ƙuri'a ga Matan Arewa

Babbar buƙatar da ta tsaya a kanta ita ce a ba matan Arewa ikon zaɓe. A 1956 ta jagoranci mata zuwa ofishin Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Kaduna, suka gabatar da wannan buƙata. Matsayin NPC shi ne lokaci bai yi ba, kuma al'ada da addinin jama'a ba su yarda ba. NEPU kuwa ta goyi bayan a ba su, malamanta suna kafa hujja da cewa Musulunci bai hana mace ilimi ko faɗin ra'ayinta ba, kuma Shehu Usmanu da kansa ya zargi mazan da ke barin matansu cikin jahilci. A wannan shekara ta 1956 ne kuma Malam Isa Wali ya buga jerin maƙalu a jarida a kan matsayin mata a Musulunci, waɗanda suka ta da muhawara mai zafi a tsakanin masu ilimi.

Buƙatar ba ta biya ba a lokacin. A zaɓen tarayya na 1959 matan Gabas da na Yamma sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa suna gida. A wannan zaɓe NEPU ta sami kujeru takwas kacal, ɗaya daga ciki ta Malam Aminu Kano. Aka sami mulkin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, Jamhuriya ta Farko ta zo ta wuce, sojoji suka yi juyin mulki a watan Janairu na 1966 suka soke jam'iyyu, duk matan Arewa ba su taɓa riƙe takardar ƙuri'a ba. Sai a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi gyaran tsarin ƙananan hukumomi, aka ba su wannan 'yanci, suka kuma yi amfani da shi a babban zaɓen 1979. Tsakanin tafiyar Kaduna da biyan buƙata shekara ashirin ke nan. Matan da suka yi dogon layi a rumfunan zaɓe a wannan shekara, daga Sabon Garin Zariya har ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a lokacin suke cikin Jihar Kano, da yawansu ba su san fuskar Gambo ba, alhali da jikinta aka biya wani kaso na kuɗin wannan layi.

Jamhuriya ta Biyu da Barin Siyasa

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, yawancin tsofaffin 'yan NEPU sun bi Malam Aminu Kano zuwa PRP, jam'iyyar da ta ci gwamnan Kano da Alhaji Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Alhaji Balarabe Musa. Hajiya Gambo kuwa ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, wadda ta yi suna da kiran a yi siyasa ba da gaba ba, ta kuma ci jihohin Barno da Gongola. A wannan jam'iyya ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaba ta ƙasa, matsayin da ba kasafai mace ke kaiwa gare shi ba a wancan lokaci. Malam Aminu ya rasu a watan Afrilu na 1983, sojoji kuma suka kifar da Jamhuriya ta Biyu a ranar ƙarshe ta wannan shekara.

Siyasar da ta biyo baya ta sha bamban da wadda ta sani. A zamanin NEPU ɗan jam'iyya shi ke cire kwabonsa ya yanki kati, ya taka da ƙafa ko ya hau keke zuwa lacca. A shekarun baya kuwa kuɗi suka zama jagora, mai neman kujera shi ke raba wa jama'a. A 1998 ta bayyana cewa ta bar siyasa, bisa dalilin cewa harkar ta rasa aƙida da gaskiyar da aka san ta da su.

Gidanta da Taimakon Jama'a

Barin jam'iyya bai rage mata aiki ba, domin gidanta na Sabon Gari ya riga ya daɗe da zama mafakar marasa galihu. Ita kanta 'ya guda ta haifa, amma yaran da suka tashi a hannunta sun kai gommai, waɗansu marayu, waɗansu 'ya'yan matalauta, waɗansu kuma an tsince su ba a san iyayensu ba. Ba ta tambayar ƙabilar yaro ko addinin iyayensa kafin ta karɓe shi. Ta ciyar da su, ta tufatar da su, ta sa su makarantar da ita ba ta sami gamawa ba. A gidan akan ɗora babbar tukunya, wanda duk ya shigo da yunwa ya ci. Matan da aure ya mutu musu ba su da wurin zuwa, da marasa lafiya, da masu taɓin hankalin da ke yawo a titi, duk sun san ƙofarta.

Abin lura a nan shi ne wannan taimako ba daga rarar dukiya ya fito ba. Ba ta kafa gidauniya mai ofis da ma'aikata ba, ba a kuma san ta da tara abin duniya ba. Abin da ya shigo hannunta shi ke fita zuwa bakin mabukata. Akwai sadakar da mai ita ke miƙawa daga nesa, ya juya ya koma harkarsa, akwai kuma wadda mai ita ke zama da wanda ya taimaka a ƙarƙashin rufi guda, ya ji kukansa da dare. Ta biyun ita ce ta Hajiya Gambo, kuma ta fi wuya nesa ba kusa ba. Idan aka jera mutanen da ta tara a gidanta da matsalolin da ta yi ta faɗa a lacca, za a ga abu guda ne: maraya, da yarinyar da aka cire daga makaranta, da matar da aka yasar. Abin da ta nemi hukuma ta gyara da doka, ta ɗauki gwargwadon ƙarfinta ta gyara da hannunta.

Rasuwarta da Abin da Ta Bari

Allah ya yi mata rasuwa a Zariya a watan Oktoba na 2001, tana da shekara sittin da takwas. An sa wa babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a Zariya sunanta, haka kuma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano, garin da aka taɓa korar ta daga cikinsa. Rima Shawulu Kwewum ya rubuta tarihinta da Turanci. A 2012 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda ɗan gidan sarautar Kano ne, ya shirya fito da takardar Naira 5,000 mai ɗauke da hotonta tare da na Funmilayo Ransome-Kuti da Margaret Ekpo, amma aka dakatar da shirin, takardar ba ta fito ba.

Kammalawa

Ba za a ce duk abin da Hajiya Gambo ta nema ya samu ba. Ƙuri'a ta samu, kuma 'yan takara sun san nauyin ƙuri'ar matan Arewa a ranar zaɓe, amma kujerun da mata ke riƙe da su a majalisun jihohin Arewa ba su taka kara sun karya ba. Cire yarinya daga makaranta da yasar da mata da 'ya'yansu ba su gushe ba a birni da ƙauye. Haka nan sunan banzan da aka jefe ta da shi don ta hau dandali, ana jifar wasu matan da shi in sun nemi shiga harkar jama'a. Saboda haka sa wa gini sunanta bai isa sakayya ba. Ɗalibar da ke kwana a ɗakin da ke ɗauke da sunan nan, da ɗalibin da ke wucewa ta gabansa, ya kamata su san cewa mai sunan yarinya ce marainiya wadda karatunta bai wuce na firamare ba, ta shiga kurkuku sau goma sha shida don a ba wasu abin da ita aka hana ta, ta kuma ƙare kwanakinta tana ciyar da 'ya'yan da ba ta haifa ba. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta, amin.